Lungunan Ƙirji

Shekara talatin da huɗu ina jan tasi,
Daga Bata zuwa Kabuga, daga Kabuga zuwa Kurna,
Ban taɓa sanin akwai titi a ƙirjina ba
Sai ranar da na hau benen su Nazifi,
Na tsaya a matakala ta tara ina haki,
Wani abu ya zauna mini a nan kamar buhun gero.

Dakta Murja ta juyo mini da fuskar na'ura.
Ga wasu baƙaƙen zare suna rawa cikin toka.
Ta ce, "Baba Ɗanladi, ka ga wannan? Nan ta tsaya.
Ba tsukewa ta yi ba, rufewa ta yi ruf,
Kuma ba jiya ba, an kwashe watanni."
Na ce, "To wa ke kai wa waccan unguwar jini?"
Ta nuna mini da bakin biro:
Wasu 'yan hanyoyi sirara kamar gashi,
Zuciya ce ta fasa abinta, ba ta nemi izinin kowa ba.

Nan take na gane su.
Lungunan Yakasai ne, da na Zage, da na Ƙoƙi,
Inda mukan kutsa in an rufe titi ran Juma'a.
Suna kai mutum gida,
Amma ba da lodi ba, ba kuma da gudu ba.

Ta ce ana iya zama a kan ƙwayoyi,
Mai tsinka jini, mai rage kitse, mai lallashin bugu,
Da 'yar mitsitsiya ta ƙarƙashin harshe in ciwo ya murɗa.
In yi sallama da tsire da gishiri,
In ci gaba da bin lungu a giya ɗaya.

Ko a zura waya ta wuyan hannuna,
Ta yi ta sakace toshiyar a hankali
Kamar masu yashe kwalbati kafin damina.
In gaba ta ƙi, a zagayo mata ta baya,
Ta cikin lungunan nan dai.
In ta ɓulla, a hura balan-balan, a kafa ragar ƙarfe
Don kada bango ya sake haɗewa.
"Ba kullum take ɓullewa ba," in ji ta,
Ta faɗa tana kallon idona.

Ko kuwa a buɗe ƙirjin,
A aro jijiya daga ƙafata,
Ƙafar da ta tsufa a kan birki,
A yi gadar sama ta tsallake wurin.
Dariya ta kama ni har tari ya biyo baya:
Kano ke nan, ko a cikin haƙarƙari sai an yi gada!

Ni kaɗai na yi dariyar.
Nazifi ya duƙa kan waya yana lissafi,
Na san ya sa motar a ciki, ya sa filin Ɗorayi.
Tabawa ta kai hannu ta taɓa ɗan kunnenta
Ta ɗauka ban gani ba.

Na ce, "Likita, in mahaifinki ne fa?"
Ta ce, "Sai na ga sauran hotunan,
In san ko naman da ke bayan toshiyar yana da rai.
Ba a shimfiɗa kwalta zuwa kufai.
Ka dawo Talata."

Muka hau a-daidaita-sahu, rana ta yi sanyi.
A Ƙofar Mata hanya ta cushe,
Tirela ta lalace a gicciye, ham ko ta ina.
Yaron ya yi tsaki, zai kashe inji.
Na dafa kafaɗarsa, ɗaya hannun a ƙirjina,
Na ce, "Karya dama, bayan mai shayin can.
Akwai hanya. Ƙarama ce,
Ka dai bi ta a hankali."